Sunan Wasa da Sunan Ƙasa

Ran 18 ga watan Yuni, 2021, wajen ƙarfe goma na dare, wani yaro ɗan makarantar sakandare ya komo gida daga gidan kallon ƙwallo a garin Anka. Ya tarad da kakansa zaune bisa buzu a bakin ƙofa, ga rediyo a gefensa. Tsoho ya dube shi ya ce, "Abokina, yau wa aka kayar?"

Yaro ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Kaka, yau canjaras aka tashi, ba wanda ya ci wani. Amma wani abu ya ɗaure mini kai. Ingila ce ta kara da Sikotilan, alhali kuwa malaminmu ya ce mana ƙasa ɗaya ce, Sarauniyarsu ɗaya, sojansu ɗaya, fasfonsu ɗaya. To, in haka ne, me ya hana Zamfara ta fitar da 'yan wasanta su kara da Nijeriya? Ba kai ka kan ce Zamfara ta girmi Nijeriya da ɗaruruwan shekaru ba?"

Tsoho ya yi dariya, ya ce masa ya tafi ya kwanta. Amma shi kansa bai yi barci da wuri ba, domin tambayar ta taɓa wani abu da ya daɗe yana juyawa a zuciyarsa.

Shi wannan tsoho an haife shi wajen 1940 a wani ƙauye na ƙasar Anka, kusa da iyakar Bukkuyum. Fawa ce sana'ar gidansu, da ƙuruciyarsa kuma ya yi dambe, kamar yadda 'ya'yan mahauta su kan yi in kaka ta yi. Yana saurayi ya shiga ajin Yaƙi da Jahilci, ya iya karatu da rubutun boko, har ya kan sayi Gaskiya Ta Fi Kwabo ranar kasuwa ya karanta wa dattawa a gindin durumi. Takardar shaidar da aka ba shi tana nan cikin adakarsa har yau. Gidan da aka haife shi bai taɓa gusawa ko taki ɗaya ba, amma sunan hukumar da ke mulkinsa ya sake sau da yawa. Da fari Lardin Sakkwato ne cikin Jihar Arewa. Cikin 1967 Janar Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, gidan ya faɗa Jihar Arewa maso Yamma. Cikin 1976, zamanin Janar Murtala, ya zama na Jihar Sakkwato. Ran 1 ga Oktoba, 1996, Janar Abacha ya ƙirƙiro Jihar Zamfara, da hedikwata a Gusau. Duk waɗannan sauye-sauye a gida suka same shi. Abin da ya tashe shi daga gidan shi ne 'yan bindiga, waɗanda suka hana noma da kwana, har ya kwashe iyalinsa ya komo cikin garin Anka, wani ɗan'uwansa ya ba shi ɗakuna biyu.

Da ya ke ta hanyar wasa tambayar ta zo, sai ya fara tunani ta kan wasa. Ya lura Bahaushe ya kan raɗa wa baƙon wasa suna bisa ga abin da idonsa ya gani. Ita kalmar ƙwallo asalinta ƙwallon ɗan itace ne, irin na goruba ko na mangwaro. Da Turawa suka zo da wasanninsu sai aka ce ƙwallon ƙafa, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, ƙwallon dawaki. Wanda a ke jefawa cikin zobe aka ce masa ƙwallon kwando, sunan kuwa ya dace da tarihinsa, gama malamin da ya ƙago shi a Amurka cikin 1891, James Naismith, kwandunan ɗiban 'ya'yan itace ya rataya aka riƙa jefa ƙwallo ciki. Wanda a ke fizgar ƙwallo a sheƙa da gudu aka ce masa zari-ruga. Dogon gudun nan na kilomita 42 da ɗoriya kuwa aka ce masa gudun yada-ƙanin-wani, don kowa ya san in tafiya ta yi tsanani ƙanin wani a ke fara saukewa daga baya.

Su Turawa sau da yawa sunan wuri su kan ba wasa. Dogon gudun nan Maraton su ke ce masa, sunan wani fili ne a ƙasar Girka inda aka gwabza yaƙi tun kafin haihuwar Annabi Isa. Zari-ruga kuwa Ragbi su ke kiransa, sunan wani gari ne a Ingila inda 'yan makaranta su ke wasa da ƙwallo a hannu. A dā kowace makaranta a Ingila da irin dokokinta, in ɗalibai biyu na makarantu dabam suka haɗu sai gardama ta hana wasa. Cikin 1863 waɗansu ƙungiyoyi suka taru a Landan suka rubuta doka ɗaya, suka hana gudu da ƙwallo a hannu. Waɗanda ba su yarda ba suka ware, cikin 1871 suka kafa tasu ƙungiya ta Ragbi. Kalmar soka da Amurkawa ke kiran ƙwallon ƙafa da ita gutsure ce daga sunan ƙungiyar nan ta 1863, domin su a wurinsu futbol wani wasa ne dabam wanda yawancinsa da hannu a ke yi.

Ashe suna ɗaya ya kan hau wasa biyu, wasa ɗaya kuma ya kan amsa suna goma. Ko a nan gida sharon Fulani a waɗansu wurare shaɗi a ke ce masa, bulalar kuwa ɗaya ce. Tsoho ya tuna zamanin da ya ke shiga fage, lokacin da sunan Shago ya cika ƙasar Hausa ta bakin makaɗi Ɗan Anace. Ɗan dambe ya kan baro garinsu ya yi tafiyar kwanaki, ya shiga fagen da bai san kowa ba, a yi wasa a tashi lafiya. Abin da ya sa, kowa ya san ƙa'ida. Hannu ɗaya a ke naɗewa da zare, turmi uku a ke yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, ba musu. Ga kuma mai raba su tsaye cikin fage, kowa na ganinsa, in ya yi son kai 'yan kallo su yi masa ca a nan take. Tsoho ya ce a ransa, suna linzami ne kawai, abin da ke riƙe wasa shi ne ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, da alƙalin da ke kusa.

Amsar tambayar yaron ta fuskar ƙwallo ba ta da wuya. Ingila da Sikotilan su ne suka fara yin wasan ƙwallon ƙafa tsakanin ƙasa da ƙasa, a birnin Gilasgo cikin 1872, shi ma canjaras aka tashi. Hukumar ƙwallo ta duniya, watau FIFA, sai cikin 1904 aka kafa ta a Faris. Ta tarad da ƙungiyoyi huɗu na Birtaniya sun riga sun kafu, na Ingila da Sikotilan da Wels da Ailan, aka bar kowace da kujerarta. Zamfara tana da ƙungiyar ƙwallo, Zamfara United, amma ƙarƙashin hukumar ƙwallo ta Nijeriya ta ke, don haka cikin gida ta ke wasanta.

Ta fuskar mulki kuwa, Sikotilan masarauta ce mai zaman kanta har 1707, sa'ad da aka haɗe majalisarta da ta Ingila. Duk da haka ta riƙe kotunanta da tsarin makarantunta. Cikin 1997 aka tambayi mutanenta ko suna son majalisa tasu, suka ce suna so, aka buɗe ta a Edinbara cikin 1999. Ita ke kula da asibitoci da makarantu da 'yan sanda, Landan kuwa ta riƙe soja da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje. Cikin 2014 aka sake tambayarsu ko za su ɓalle gaba ɗaya, kashi 55 cikin 100 suka ce a zauna tare. Watau mutum yana iya zama ɗan Sikotilan kuma ɗan Birtaniya a lokaci guda.

Wannan bai ba tsoho mamaki ba ko kaɗan, domin Hausa ta daɗe da sanin haka. Da kalma ɗaya a ke cewa ƙasar Anka, ƙasar Zamfara, ƙasar Hausa, ƙasar Nijeriya, kamar ƙwarya cikin ƙwarya, ƙarama ba ta hana babba zama. In ya je kasuwar Gummi shi mutumin Anka ne. In ya je Kano Bazamfare ne, da ya buɗe baki a gane shi. Shekarar da ya je Makka kuwa ba wanda ya tambaye shi Anka ko Zamfara, koren fasfo aka duba.

Gaskiyar yaro ce, Zamfara ta girmi Nijeriya. Sunan Nijeriya wata Baturiya ce 'yar jarida, Flora Shaw, ta kawo shawararsa cikin 1897, daga sunan kogin Neja, watau Kwara, sai cikin 1914 Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu ƙarƙashinsa. Zamfara kuwa tsohuwar daula ce. Labarin Bayajida ya lissafa ta cikin Banza Bakwai, suna ne da waɗansu suka laƙaba mata daga nesa, bai kuwa hana mutanenta yin Hausa da sarauta da kasuwanci ba. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa, ƙarƙashin Sarkinsu Babari, suka ci Birnin Zamfara, suka gina Alƙalawa a ƙasarta. Gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari har ya zauna a Anka, inda Sarkin Zamfara ya ke har yau. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, bayan jihadi kuma garuruwanta suka bi Sakkwato. Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Shekara fiye da ɗari biyu ba wata hukuma mai cin gashin kanta da ke amsa sunan Zamfara, amma sunan bai mutu ba, yana bakin mutane, yana kuma bisa gulbin da ya ratsa ta Gummi.

Saboda haka ranar da aka ba da jiha cikin 1996 tsoho ya yi murna ƙwarai, ya yanka rago. A ganinsa alƙali ya shigo fage ke nan. A zamanin En'e haraji da jangali daga ƙauye su ke tashi, mai unguwa ya ba dagaci, dagaci ya ba hakimi, hakimi ya aika baitulmali a Sakkwato, talaka kuwa bai san inda kuɗin suka kwana ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo majalisa kusa da gida, yanzu kuma ga Gwamna a Gusau. Nijeriya tana da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, Zamfara tana da 14 daga ciki, har da Anka da Gummi da Bukkuyum.

Tsarin mulkin 1999 ya raba aiki hawa uku. Gwamnatin Tarayya ita kaɗai ke da iko kan soja da 'yan sanda da kuɗi da kwastan da duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Jiha tana da majalisar dokokinta da kotunanta, da wannan iko ne Gwamna Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau cikin Oktoba, 1999. Ƙaramar hukuma kuwa an ɗora mata kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da kwashe shara, da rubuta haihuwa da mutuwa, da raɗa wa tituna suna, tana kuma da hannu cikin makarantun firamare da ajin manya da ɗakunan shan magani.

Cikin 2010 tsoho ya ga inda wannan rabo ya bar giɓi. Zinariya ta yi tsada a duniya, samari suka shiga haƙar duwatsu a dazuzzukan Anka da Bukkuyum, suna kawowa cikin gidaje a daka a turmi ko a niƙa a inji. Ba wanda ya san duwatsun cike su ke da dalma. Ƙura ta bi tsakar gida, ta shiga abinci da ruwa, yara masu rarrafe suka haɗiye ta. Sai yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa, a Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru da waɗansu ƙauyuka. Likitocin ƙungiyar nan ta MSF da ke yawon binciken sanƙarau su ne suka lura da yawan ƙananan kaburbura cikin watan Maris, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Maganin shi ne a kankare ƙasar kowane gida a zuba sabuwa, kana a ba yara magani. An yi haka a ƙauyuka bakwai, amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai cikin 2013 aka samu kuɗi daga Tarayya aka gyara ta. Tsoho da hannunsa ya ɗauki jikanyarsa 'yar shekara biyu zuwa maƙabarta a wannan shekara ta 2010. Ya kan ce masu ganin ƙurar kullum ba su da iko kan ma'adinai, masu iko kan ma'adinai kuwa ba su ga ƙurar ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma tsanin hawa rufin yana gidan wani.

Haka kuma zancen tsaro. Cikin Afrilu, 2019, Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin cikin Disamba, 2024. Cikin Janairu, 2024, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara don su taimaki jami'an tsaro. Mutane da yawa suna cewa a ba kowace jiha 'yan sandanta.

To, a nan tsoho ya kan ja linzami, domin ya ga jiya. Ya san zamanin da En'e ke da 'yan dokarta, 'yan gari ne, sun san kowa da gidansa, amma da su aka riƙa kama 'yan hamayya zamanin siyasar farko, har bayan juyin mulkin 1966 aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya. Ya kuma ga yadda waɗansu 'yan sa kai suka yi wa Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba hukunci a tsakiyar kasuwa, wutar ta ƙara ruruwa, ramuwa ta bi ramuwa. Alƙalin da ke kusa in ba ya bin ƙa'ida ya fi na nesa ɓarna, tun da hannunsa yana kaiwa ko'ina. Abin da ke tsare alƙalin dambe shi ne idon 'yan kallo waɗanda suka san dokar wasan. Mulkin da aka kawo kusa shi ma sai da irin wannan ido.

Wannan ido kuwa karatu ne. Bisa ƙa'idar rabon arzikin ƙasa da aka daɗe ana bi, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100, a kan kuma buga abin da kowace ta samu wata-wata. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce zaɓaɓɓu ne ya kamata su riƙe su, ba kantomomin da Gwamna ya naɗa ba. Hukunci a takarda ba ya haƙa rijiya da kansa. Sai an sami mutum a kowace unguwa wanda zai iya karanta adadin, ya je wurin kansila da ladabi ya ce, ga abin da ya shigo, ina abin da aka yi da shi? Wanda ya fita ajin manya da takardar shaida a hannu ya isa yin wannan tambaya.

Game da abin da ke mai da taron mutane al'umma, tsoho ya auna harshe, ya ga mutanen Maraɗi Hausa su ke yi, amma tutarsu dabam. Ya auna addini, ya ga yawancin masu kai hari da waɗanda a ke kai wa alƙibla ɗaya su ke duba. Ya auna suna, ya ga an sake wa gidansa suna sau uku, tuwon cikinsa bai sake ba. Abin da ya rage masa shi ne irin zaman da ya tashi ya tarar. Bayan girbi Bafillace ya kan sauka a gonar mahaifinsa, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar gero da nono. In dabba ta yi ɓarna, dagaci da arɗo su je su duba, a yanke diyya, a biya. Burtali yana nan, kowa ya san iyakarsa. Dakarkari daga wajen Zuru su kan zo cin kasuwa su koma lafiya. Mutane ne mabambanta da suka yarda da ƙa'ida ɗaya, suka kuma ɗauki asarar maƙwabci a kan tasu ce. Da aka cinye burtali, aka fara sayen hukunci da kuɗi, bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Cikin Agusta, 2024, da ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, ya ji labarin yadda maƙwabta suka buɗe ɗakunansu, suka raba ɗan abin da ke rumbu, ya ce to, da sauran saiwa a ƙasa.

Kwana uku bayan wancan dare ya kira jikan nasa bayan sallar la'asar, ya ce, "Abokina, ka tambaye ni me ya hana Zamfara ta kara da Nijeriya. Ai ɗan yatsa ba ya dambe da hannu. Kai Bazamfare ne, kai kuma ɗan Nijeriya ne, kowace tana da hakki a kanka, kai ma kana binta bashi. Ɗauko takarda da alƙalami."

Yaro ya ɗauko. Tsoho ya sa shi ya ja layi biyu, ya raba takardar gida uku, ya rubuta aikin Tarayya a gida ɗaya, na jiha a na biyu, na ƙaramar hukuma a na uku. Da ya gama sai ya ce, "Kaka, me za a yi da ita?"

Tsoho ya karɓa, ya kai ta kusa da idonsa, ya bi layi-layi da yatsa yana karantawa a hankali kamar yadda aka koya masa a ajin dare. Sa'an nan ya ninke ta, ya buɗe adaka ya sa ta tare da takardar shaidarsa, ya ce, "Masu neman ƙuri'a suna nan tafe. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar nan, mu ba shi ruwa ya sha, mu duba gidan da aikinsa ya faɗa, mu tambaye shi a kansa. In Allah ya ɗauki raina kafin su zo, ka san inda mabuɗin ya ke."